Kalmomin Turanci masu kama da juna: a haddace su jeri guda ko a raba su?

Tambaya: Malam, ina ajin ƙarshe a sakandare, bana zan zauna jarrabawar WAEC. An turo mana wani dogon jeri na kalmomin Turanci da aka tara bisa yawan haruffansu, masu huɗu daban, masu biyar daban, kuma a kowane layi haruffan kusan iri ɗaya ne, kamar *form* da *from*, *quiet* da *quite*, *trail* da *trial*. An ce mu haddace. Na ɗauki lokaci ina fama da shi, amma yanzu har waɗanda da ba na kuskurensu sun fara rikice mini. Kaina ne ba ya ja, ko hanyar ce ba daidai ba?

Amsa: Ƙanwata, kanki lafiyarsa ƙalau. Abin da ya same ki shi ke samun kusan duk wanda ya ɗauki irin wannan jeri ya zauna haddarsa, kuma ina so ki ajiye shi tun kafin ki ƙara ɓata wani makon a kai. Kalmomin da ke ciki suna da amfani, da yawansu ma za ki haɗu da su a jarrabawa. Tsarin da aka jera su ne matsalar. An tara su bisa tsawo da kamannin haruffa, alhali ƙwaƙwalwar mai koyon harshe ba ta nan take kama kalma ba. Tana kama ta ne ta ma'anarta, da sautinta, da kalmomin da ta saba tafiya da su a cikin jimla.

Irin wannan jeri yana da masu shi, kuma a wajensu kayan aiki ne na gaske. Su ne 'yan wasan Scrabble da makamantansa. A wasan nan akwai ƙwayoyi 100 masu ɗauke da haruffa, 12 daga ciki harafin E ne saboda shi ya fi yawo a Turanci, ɗan wasa kuma yana riƙe da bakwai a gabansa. In ya iya zuba bakwai ɗin gaba ɗaya a kalma guda, ana ƙara masa maki 50. Saboda haka manyan 'yan wasa sukan jera haruffa bisa tsarin abacada, misali A, E, I, N, R, S, T, su haddace duk kalmar da za ta fito daga cikinsu: *retains*, *nastier*, *retinas*, *stainer*, da sauransu. Ma'ana ba ta dame su ba, domin allon wasa ba ya tambayar ma'ana. Najeriya ta yi fice a wannan fage. A 2015 Wellington Jighere ya ci gasar duniya a birnin Perth na Ostareliya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ɗauki kambun. Amma abin da nake so ki riƙe shi ne wani abu da ya faru a shekarar nan dai. Nigel Richards, ɗan ƙasar Niyu Zilan, ya je Beljiyam ya cinye gasar duniya ta Scrabble ta harshen Faransanci, alhali ba ya jin Faransanci. Ƙamus ɗin wasan ya haddace cikin 'yan makonni. Ya san wace kalma ce ke akwai, haruffa nawa gare ta, da waɗanne haruffa aka gina ta, amma hira da harshen ba zai iya ba. Wannan ita ce iyakar abin da haddar jeri bisa tsawo da haruffa take bayarwa. Ke kuwa abin da ke gabanki insha'i ne da fahimtar rubutu da taƙaitawa, inda kowace kalma sai an nemi ma'anarta.

Wasan Wordle ya ƙara yaɗa irin waɗannan jere-jere. Josh Wardle ya fito da shi a 2021, jaridar New York Times ta saye shi a farkon 2022, kuma duk abin da ake yi a cikinsa shi ne gano kalma mai haruffa biyar a gwaji shida. Tun daga nan intanet ta cika da jerin kalmomi masu haruffa biyar da suka fara da kaza ko suka ƙunshi kaza. Daga can ake kwaso su a kawo wa ɗalibai da sunan ƙarin kalmomi, da kyakkyawar niyya, sai dai ba don aji aka gina su ba.

Cewa har waɗanda kika iya sun fara rikice miki, wannan abu ne da masu nazarin koyon harshe suka daɗe da sani. Batia Laufer ta yi bincike tun shekarun 1980 a kan yadda kalmomi masu kamannin siffa ke rikita masu koyon Turanci, Paul Nation kuma, wanda yana cikin manyan masana koyar da kalmomi, ya sha gargaɗin malamai da kada su koyar da kalmomi masu kama da juna a zama ɗaya. Dalilin a fili yake. In aka kawo miki Hassana da Usaina rana ɗaya aka ce ga wannan ga wannan, za ki daɗe kina kiran ɗaya da sunan ɗaya. Amma in Hassana kika fara sani, kuka zauna tare kika san maganarta da tafiyarta, ranar da Usaina ta shigo kallo ɗaya za ki yi mata ki ce wannan ba ita ba ce. Kafin jerin nan ya zo, *from* ta zauna daram a kanki domin kin gan ta sau ba adadi. Da aka ɗaura mata *form* a gefe aka ce ki riƙa maimaita su tare, sai aka ƙulla musu igiyar da da babu, yanzu in kin jawo ɗaya sai ɗayar ta biyo.

To, bari mu buɗe jerin mu ga abin da ke ciki, domin an cakuɗa matsaloli daban-daban ne a wuri guda, kuma kowace da maganinta.

Rukuni na farko, inda misalan da kika kawo suke, na ido ne da hannu. Haruffa iri ɗaya, an sauya wa wasu wuri: *form* da *from*, *tired* da *tried*, *angel* da *angle*, *sacred* da *scared*, *perfect* da *prefect*, *except* da *expect*, *being* da *begin*, *there* da *three*, *could* da *cloud*, *board* da *broad*. Wanda ya iya karatu ba harafi-harafi yake bi ba. Idonsa yana tsalle ne daga kalma zuwa kalma, ya tabbatar da farkonta, ya ɗan lura da ƙarshenta da tsawonta, haruffan tsakiya kuwa ya san suna nan amma bai cika tsananta wa jerinsu ba. Wataƙila kin taɓa ganin saƙon nan da ya zagaya duniya tun 2003, wanda aka hargitsa tsakiyar kalmominsa aka ce binciken jami'ar Kambirij ya nuna jerin haruffa ba shi da muhimmanci. Jami'ar ba ta yi wannan bincike ba, kuma maganar an zuzuta ta. Keith Rayner da abokan aikinsa sun gwada a 2006, suka ga mutane suna iya karanta irin wannan rubutu amma gudunsu yana raguwa, kuma ya fi raguwa in farkon kalma aka taɓa. Gaskiyar da ke ciki ita ce ido yana yafe sauyin wuri a tsakiyar kalma. Shi ya sa za ki rubuta *form* inda kike nufin *from*, ki sake karantawa, ki wuce ba ki gani ba. Har Turawan da aka haifa da harshen suna yi. Manhajar gyaran rubutu ta waya ko kwamfuta ma sau da yawa ba ta ja layi a ƙarƙashinta, tun da duka biyun kalmomi ne na gaskiya.

Akwai wani tarko a nan da ya keɓanta da mu, kuma ban cika ganin littattafan makaranta suna ambatonsa ba. Rubutun boko na Hausa yana bin furuci sosai: abin da kika gani shi kike faɗa. A wajenmu *ai* kullum sautin da ke cikin "kai" da "rai" ne. A Turanci kuwa *ai* ba haka take ba. Galibi ita ce sautin da ke cikin *rain* da *wait*, mai kama da "ei". To, in Bahaushiya ta ga *trail* ta karanta da ƙa'idar Hausa, abin da zai fito daga bakinta ya fi kusa da furucin *trial*. Haka *dairy*, wurin sarrafa madara: in an karanta ta da idon Hausa sai ta koma kamar *diary*, littafin da mutum ke rubuta al'amuransa na kullum. Haka *lair* da *liar*. Kin ga ashe ba sakaci ba ne, ƙa'ida ce mai kyau aka ɗauko daga harshe ɗaya aka kai inda ba ta aiki. Da zarar kin riƙe cewa *ai* ta Turanci wasali ɗaya ne a gaɓa ɗaya, *ia* kuma a waɗannan kalmomi gaɓa biyu ce, "a-ya", rikicin *trail* da *trial* ya ƙare. Ki gwada tafa hannu: *trail* tafi ɗaya, *tri-al* tafi biyu. *Quite* tafi ɗaya, domin *e* ta ƙarshe ba a furta ta, aikinta kawai ta ja wasalin da ke gabanta, kamar a *bite* da *write*. *Qui-et* tafi biyu. Haka *au*: a Hausa sautin "sau" da "yau" ne, a Turanci kuwa *cause* da *au* ɗinta sun fi kusa da "o" mai tsawo.

Maganin da na fi amincewa da shi ga wannan rukuni shi ne a mayar da kowace kalma gidansu. Kalma tana da dangi, kuma danginta na gaskiya su ne waɗanda suka haɗa tushe da ita, ba waɗanda suka yi daidai da ita a tsawo ba. Dubi *scared*. Aikatau ne *scare*, tsoratarwa, aka ɗafa masa *d*. Duk inda kika tuna *scare*, ba za ki sa *a* kafin *c* ba. *Sacred* kuwa, abu mai tsarki, 'yar gidan *sacrifice* ce, dukansu da *sac* suka fara. *Tired* daga *tire* take, gajiya. *Tried* daga *try*, an mayar da *y* ta koma *i* kamar yadda ake yi a *cry* da *cried*. *United* tana da *unit* da *unity* da *union* a bayanta, duk maganar zama ɗaya. *Untied* kuwa *tie* ce, ɗauri, aka sa mata ɗafa-goshin *un* mai warware aiki. *Causal* 'yar *cause* ce, dalili, ga *caus* nan a fili. *Casual* kuma ita ce ta kayan shan iska da ma'aikacin wucin gadi. *Marital* tana tare da *marry* da *marriage*, shi ya sa za ki gan ta a takardun cikewa a *marital status*. *Martial* daga sunan Mars take, abin bautar Rumawa na yaƙi, shi ya sa ake cewa *martial law* da *court martial*, duk harkar soja. *Conservation* daga *conserve*, adanawa. *Conversation* daga *converse*, zantawa. Haruffa goma sha biyu-biyu ne, iri ɗaya sak, amma wanda ya san aikatau ɗin da ke ƙarƙashin kowace ba ya haɗa su.

*Except* da *expect* sun cancanci a tsaya a kansu, domin suna yawan fitowa. Dukansu daga Latin suke. Ta biyun 'yar gidan *inspect* da *respect* da *spectator* ce, tushen da ke nufin dubawa. Mai *expect* yana duban hanya ne, yana sa ran abu. Ta farkon tana tare da *accept* da *intercept*, tushen da ke nufin ɗauka. *Except* ita ce a ɗauke abu a fitar da shi daga lissafi. In kin koyi wannan, ba kalma biyu kika samu ba, kin samu mabuɗin kalmomi masu yawa da za su zo miki a sashen fahimtar rubutu.

Inda tushe bai taimaka ba, ƙa'idar furuci takan taimaka. A Turanci *g* da *c* sukan yi laushi in *e* ko *i* ko *y* ta biyo su, ko da yake akwai masu bijirewa irin *get* da *give* da *girl*. A *angel*, mala'ika, *e* ce ke bin *g*, don haka sautin "j" ne. A *angle*, kusurwar da kike aunawa a lissafi, *l* ce ke bin *g*, don haka "g" ce mai ƙarfi, kamar a *single* da *jungle* da *triangle*. Ɗalibin da ya san wannan ba zai rubuta wa malamin lissafi *right angel* ba.

Sai abokan tafiya. Kowace kalma tana da waɗanda ba ta rabuwa da su, kuma da su ya kamata ki haddace ta. Kada ki rubuta *quiet* ita kaɗai a littafinki. Rubuta *keep quiet*, *a quiet room*. Wata rana daban ki rubuta *quite good*, *quite a lot*, *not quite*. *On trial*, *trial and error*. *Fill in a form*, *application form*. *Come from*, *different from*, *far from*. Da haka hannunki zai saba da guntun jimlar gaba ɗaya, kuma nahawu zai tsaya miki: gurbin da *from* ke zama a jimla ba ya karɓar suna, gurbin *form* kuma yana son *a* ko *the* a gabansa. Kama da wane ba ta wane, in ji Hausawa, kuma a jimla ne ake gane hakan.

Rukuni na biyu na kunne ne, kuma a nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya game da inda harshenmu ya bambanta da Turanci. Hausa ba ta raba *p* da *f* a matsayin sautuka biyu masu canza ma'ana. Abin da muke rubutawa da *f* leɓɓa biyu ke yin sa, wani ya furta shi kusa da "p", a Sakkwato da wasu sassan Nijar ma ya koma "h" ko "hw". Shi ya sa *primary* ta zama firamare a bakinmu. Turanci kuwa ya rataya ma'ana a kan wannan bambanci: *pull* da *full*, *pool* da *fool*, *pile* da *file*, *paint* da *faint*, *leap* da *leaf*, *depend* da *defend*. Na ƙarshen nan yana ɓata insha'i sosai, domin *depend on* da *defend* duk kalmomin da ɗalibi ke buƙata ne a rubutun muhawara. Gyaran ba a takarda yake farawa ba, a baki yake. Don *f* ta Turanci, haƙoran sama su sauka a kan leɓen ƙasa, iska ta riƙa fita ba yankewa, za ki iya jan ta yadda kike so. Don *p*, leɓɓa su rufe ruf, sannan su buɗe da bugun iska guda. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinki: *p* za ta buge ta, *f* za ta kaɗa ta a hankali. Haka *v* da *b*, tun da ba mu da *v*: *vest* da *best*, *van* da *ban*, *vote* da *boat*. Haka *th*, wadda mu muka fi mayarwa "s" ko "z": *path* da *pass*, *mouth* da *mouse*. Harshe ne ake ɗan fito da shi tsakanin haƙora.

Wasula ma haka. Muna da biyar a rubuce, kowanne da gajere da dogo, ga *ai* da *au*. Turancin Ingila yana da sautukan wasali kusan ashirin, ana rubuta su da haruffa biyar ɗin nan dai. Dogo da gajere ba ya ba mu wahala sosai, domin kunnen da ya saba raba gari na mutane da garin tuwo zai ji bambancin *ship* da *sheep*. Wannan gata ne da Bahaushe ke da shi. Inda muke tuntuɓe shi ne irin *lack* da *luck* da *lock*, ko *staff* da *stuff*, ko *hat* da *hut* da *hot*. Ki dubi huɗun nan: *farm*, *firm*, *form*, *from*. Ukun farko wasali kaɗai ya raba su, kuma a furucin Ingila ba a jin *r* ɗinsu, tana ja wa wasalin tsawo ne kawai. Ta huɗun ita ce mai *r* da ake ji, kuma baƙaƙe biyu ne a jere a farkonta, abin da Hausa ba ta yarda da shi ba, shi ya sa muke cusa wasali a tsakani kamar yadda muka yi wa burodi da burki. A wannan rukuni kaɗai nake yarda a jera kalmomin gefe da gefe tun da wuri, domin manufar a nan horar da kunne ne, kuma kunne sai ya ji biyun a jere yake gane tazararsu. Amma da sharaɗi: da sauti za a yi, ba da ido ba. Ƙamus na waya irin na Oxford ko Cambridge yana da maɓallin da za ki danna ki ji furucin kowace kalma kyauta. Wannan horo shi zai ɗauke ki a takardar furuci ta WAEC, inda ake ja layi a ƙarƙashin harafi a ce ki zaɓi kalmar da ke da sauti irin nasa.

Rukuni na uku kuwa babu laifin idonki ko kunnenki a ciki, tarihi ne. *Meet* da *meat*, *week* da *weak*, *steel* da *steal*, *see* da *sea*: furucinsu ɗaya ne a yau, har a bakin Bature. Da can ba ɗaya ba ne. Masu *ee* da masu *ea* wasula biyu ne mabambanta a Turancin da. William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, rubutu ya fara daskarewa, furuci kuwa ya ci gaba da tafiya cikin babban sauyin wasula da ya gudana tsakanin wajen 1400 zuwa 1700, har biyun suka haɗe. 'Yan kaɗan suka bi wata hanya daban, shi ya sa *great* da *break* da *steak* ba sa amsa amo da *meat*. Lokacin da Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a 1755 rubutun ya riga ya zauna. Waɗannan babu ƙa'idar da za ta cece ki, sai sabo da abokan tafiya: *last week*, *weak tea*. Amma wasu 'yan rukunin suna da tsari. A Turancin Ingila, wanda makarantunmu ke bi, *c* ta suna ce, *s* ta aikatau: *advice* shawara, *advise* ba da shawara, *practice* da *practise*, *licence* da *license*. Riƙe na farkon, tun da furucinsu ya bambanta, ki auna sauran da shi. *Principal* shugaban makaranta ne ko abu mafi girma, *principle* ƙa'ida ce. *Stationery* kayan rubutu ne, daga *stationer* mai sayar da su, *er* kamar a *teacher*. *Stationary* abin da ke tsaye ne ba motsi. *Affect* galibi aikatau ne, *effect* galibi suna.

Kada in manta da waɗanda tazara kaɗai ta raba, haruffa ɗaya, jeri ɗaya: *every day* da *everyday*, *may be* da *maybe*, *a part* da *apart*, *some time* da *sometime*. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare ki. A Hausa ma "a kan tebur" daban, "akan yi haka" daban, kuma marubuta da yawa suna haɗa su. *I read every day*, kalma biyu, kowace rana ke nan. *Everyday clothes*, kalma ɗaya, sifa ce ta abin yau da kullum. In kina shakkar *maybe*, gwada sa *perhaps* a gurbinta; in jimlar ta tsaya, a haɗe take.

Abin da ya sa na damu da wannan har na tsawaita shi ne na san abin da yake ci wa ɗalibai. A insha'in WAEC ana ware maki goma daga cikin hamsin don tsabtar rubutu, wato nahawu da alamomin rubutu da daidaiton haruffa, kuma rabin maki ake cirewa a kan kowane kuskure. Kuskure ashirin ya share goman. Yarinya mai tunani mai kyau, mai hujjoji masu ƙarfi, sai ta zubar da waɗannan maki a kan *form* da *quite* da *defend*, abubuwan da ta san ma'anarsu sarai. Abin yana da ciwo, domin gyaransa ba ya buƙatar kuɗi ko wata baiwa.

Ga yadda zan so ki yi da lokacin da ya rage. Ɗauko jerin, ki bi shi sau ɗaya da biro, ki soke duk kalmar da ba ki taɓa gani a littafin karatu ko jarida ko tsofaffin takardun jarrabawa ba. Za ki ga ya ragu ƙwarai, domin jerin 'yan wasa cike yake da kalmomin da ko Bature bai san su ba. Sannan ki ɗauko littattafanki na insha'i da malami ya riga ya duba, ki fitar da tagwayen kalmomin da ke da kanki kika taɓa rikitawa. Waɗannan su ne jerinki na gaskiya, kuma da wuya su yi yawa. A kowane tagwaye zaɓi wadda kika fi sani ko aka fi amfani da ita, ki ba ta shafinta ita kaɗai: ma'anarta, danginta, jimloli uku naki na kanki a kan abin da ya shafe ki, gidanku ko makarantarku ko kasuwar garinku. Ki bar 'yar'uwarta sai bayan kwana uku ko huɗu, ki ba ta nata shafin can nesa. Sai bayan kowace ta zauna za ki haɗa su a jimla guda don gwaji, irin *The room was quite quiet* ko *I took the form from the office*. A wannan mataki haɗawar tana da amfani, domin abu biyu da kika sani kike kwatantawa.

Ki dawo da shifta. An yi watsi da ita a makarantu da yawa, alhali ita ce ke haɗa kunne da hannu. Ku zauna ke da ƙawarki, ɗaya ta karanta sakin layi daga littafin Turanci, ɗaya ta rubuta da biro, ku duba, ku sauya. Cikakkun jimloli za a karanta, ba kalmomi tsirara ba. Rubutun hannu yana tilasta miki bin haruffa ɗaya bayan ɗaya, abin da waya mai ƙarasa miki kalma ta hana.

A zauren jarrabawa kuma ki ware minti biyar na ƙarshe don farautar tagwayenki kaɗai. Kada ki karanta insha'in kamar labari, domin ido zai sake yafe miki abin da ya yafe da farko. Fara daga jimlar ƙarshe ki yi sama, kina ɗora bakin biro a kan kowace kalma, ki tsaya duk inda kika ga *fr* ko *fo*, *qui*, *tr*, *exp* ko *exc*, da duk kalmar da ta fara da *p* ko *f*, ki furta ta a zuci gaɓa-gaɓa kafin ki wuce.

Scrabble da Wordle kuwa ban hana ki ba. Bayan jarrabawa ki buga su son ranki, suna sa mutum ya lura da jerin haruffa, kuma makarantu da dama suna da kulob ɗin Scrabble. Sai dai duk kalmar da kika ci maki da ita ba ki san ma'anarta ba, ki duba ta a ƙamus a ranar, ki rubuta ta cikin jimla a littafin nan naki. Allah ya ba ku sa'a, ke da 'yan ajinku.